A rufe rediyoyin waje tunda ana yaƙi? Yadda aka kwashe a zaure

Bashir Kuseri:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau zan faɗi abin da ke cikina, mai jin haushi ya ji. Abin da Nijar ta yi shi ne daidai. Tun Agustan 2023 suka kashe RFI da France 24, a Disamban 2024 suka dakatar da BBC wata uku. Mali ta riga su tun 2022, Burkina ma ta bi sahu. Mu a Kamaru me muke jira? Yaranmu na mutuwa a bakin tafkin Chadi a yaƙin Boko Haram, wani yana zaune a Faris ko Landan cikin sanyi yana ƙirga mana gawa. In an taɓa soja sai ka ji an cika duniya, in soja ya yi nasara kowa ya yi gum. A rufe su kawai, in an gama yaƙi a buɗe.

Hajiya Asabe Marwa:
Wa alaikumus salam. Bashir ɗana, rabin maganarka na karɓa. Wanda bai zauna Marwa a 2015 ba bai san tsoro ba. Ranar 22 ga Yuli 'yan mata biyu suka tashi bam, ɗaya a bakin babbar kasuwa, ɗaya a unguwar Hausawa, kwana uku tsakani aka sake a Pont Vert. Mun yi watanni mace ba ta shiga kasuwa sai an lalube ta, yarinya mai tallan gyaɗa ta zama abin gudu. A lokacin ko cewa aka yi kowa ya rufe bakinsa har shekara, wallahi ni zan fara. Amma in faɗa maka gaskiya, a daren nan ba rediyon gwamnati muka kama ba. Duk gidan da ka leƙa a layinmu sashen Hausa na waje ake saurare, don a ji mutum nawa suka rasu, a kuma ji ko da sauran wasu a gari. Da an rufe su kamar yadda kake so, sai dai mu kwana da jita-jita.

Zainabu Ngaundare:
Mama, kin kawo mu daidai wurin. Kwana takwas bayan bam ɗin kasuwar nan, ranar 30 ga Yuli 2015, aka kama Ahmed Abba a Marwa. Wakilin sashen Hausa na RFI ne, cikin muryoyin da kuke kunnawa. Aka wuce da shi Yawunde, aka yi wata uku ba mai ganinsa, daga baya ya ce an azabtar da shi. A Afrilun 2017 kotun soja ta yanke masa shekara 10. Cikin tuhumar har da cewa bai kai rahoton 'yan ta'adda ga hukuma ba, wato ɗan jarida in ya ji labari sai ya fara biyawa ta wurin jandarma kafin ya je wurin masu saurare. Da aka ɗaukaka ƙara aka mayar da hukuncin wata 24, alhali ya kusa cika wata 29 a tsare, ya fito a Disamban 2017. Yaya Bashir, wannan ba a Faris yake zaune ba. Ɗan ƙasar nan ne, da harshenmu yake aiki, a kan titinmu aka ɗauke shi.

Bashir Kuseri:
Ƙanwata, ruwa ba ya tsami banza. Ke kin san abin da suka gani a wayarsa?

Zainabu Ngaundare:
Abin da suka gani ai kotu aka kai, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soja ce da kanta ta zubar da babbar tuhumar. Matsalar tana cikin dokar. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 23 ga Disamba 2014 ta ba kotun soja ikon yi wa farar hula shari'a, ta tanadi hukuncin kisa, ta kuma faɗaɗa ma'anar ta'addanci yadda kusan duk wanda aka so sakawa zai shiga. Misali ɗaya ya isa. Samari uku a kudu, ɗalibai, suka tura wa juna saƙon barkwanci a waya, cewa aiki ya yi wuya har Boko Haram ma ba ta ɗaukar mutum sai ya ci jarrabawa. A Nuwamban 2016 kotun soja ta Yawunde ta ba kowannensu shekara 10. Yaya, barkwanci nawa irin wannan ka turo mana nan zauren?

Kawu Garba Tsohon Soja:
'Yata Zainabu, karatu ya yi, Allah ya ƙara basira. Amma ki bari wanda ya sa kaki ya ce wani abu. Akwai labarin da in ya fita, rai ne zai tafi. Idan ayari zai tashi daga Mora zuwa Kolofata gobe da asuba, wani ya rubuta a Facebook don a ce ya fi kowa jin labari, wa zai taka nakiyar? Ɗan wani ne. Mutanen nan suna sauraron rediyo fiye da ni da ke. A Najeriya a Janairun 2019 jaridar Daily Trust ta buga cewa soja na shirin ƙwato Baga, soja suka rufe ofisoshinta na Maiduguri da Abuja, aka yi ta kururuwa. Ni da nake soja na ce jaridar ce ta fara laifi. Ba a shelar farmaki kafin a kai shi.

Malam Habu Garwa:
Malam Garba, a kan wannan ba mai ja da kai. Sirrin inda ayari zai bi gobe, kowace ƙasa tana ɓoye shi, kuma ɗan jarida mai hankali ba ya buƙatar a gaya masa. Sai dai ka duba duk misalan da za a kawo a daren nan, ka gani ko akwai wanda aka ɗaure don ya faɗi abin da za a yi gobe. Duk kan abin da aka riga aka yi jiya ne. Nan ne bambancin yake, kuma gwamnatoci da gangan suke cakuɗa su.

Abin kuma ya girmi Boko Haram. A Fabrairun 1962, lokacin ana yaƙi da 'yan tawayen jam'iyyar UPC a kudu, aka zuba fursunoni a taragon jirgin ƙasa a rufe daga Duwala zuwa Yawunde. Da aka buɗe, 25 sun mutu. Jaridar 'yan Katolika, L'Effort camerounais, ta ɗauko maganar, sai aka kori limamin cocin da ke shugabantarta daga ƙasar. Wata guda bayan nan, a Maris, shugaban ƙasa Ahidjo ya sa hannu a dokar hana zagon ƙasa, wadda ta sa yaɗa labarin da hukuma ta kira ƙarya ya zama laifin ɗauri. Ba a soke ta ba sai 1990. Ni a ƙarƙashinta na yi karatu, a ƙarƙashinta na fara koyarwa. Mun koyar da tarihin Kamaru shekara da shekaru ba mu furta sunan Um Nyobe a aji ba, jagoran UPC da sojan Faransa suka kashe a 1958. Ɗan garinmu ne ya yi dokar, ina faɗa ne a matsayin ɗan Garwa, kada wani ya ce ƙabilanci ne.

Alhaji Isiyaku Njamena:
Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ku naku na 1962 ne, mu namu jiya-jiya ne. Maris 2020 Boko Haram ta kashe mana sojan Chadi kusan 100 a Bohoma, duk Njamena ba wanda bai yi kuka ba. Marigayi Idriss Deby ya tafi tafki da kansa, aka yi farmakin ramuwa, soja suka ce sun kashe 'yan Boko Haram 1,000. Wa ya ƙirga? Ba wanda ya tambaya, ni ma ban tambaya ba, zuciya ta yi zafi. Sai aka kawo mutum 58 nan Njamena aka ce 'yan ta'adda ne. Tsakiyar Afrilu aka wayi gari 44 sun mutu a ɗaki guda. Mai gabatar da ƙara ya ce guba ce aka samu a jikinsu, mutane suka ce to, sun kashe kansu ne don kada su tona asiri. A watan Agusta hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, ta gwamnati fa, ba ta Turawa ba, ta fito ta ce mutanen farar hula ne da aka kwaso bayan an gama farmakin, kuma cunkoso da zafi da ƙishirwa suka kashe su. Zafin Afrilu na Njamena, kun san shi.

Ni harkar kifi nake, mutanen tafki abokan cinikina ne. In ka ji an ce an kwaso mutane a tsibiri, ka san masunta da manoma ne suka fi yawa a wurin. Tsakanin Afrilu da Agustan nan, duk wanda ya ce a bincika sai a ce yana tausayin maƙiya.

Bashir Kuseri:
To Alhaji, ai hukumar ƙasarku ce ta faɗa, ba RFI ba. Ka ga ke nan ba ma buƙatar su. Kuma ku daina nuna mini Turawa kamar waliyyai. Da aka fara yaƙin Yukren, Tarayyar Turai ba ta rufe RT da Sputnik na Rasha ba a Maris 2022? Amurka ba ta jefa bam a ofishin Al Jazeera na Bagadaza ba a 2003, ta kashe wakilinsu? Sami al-Hajj ɗan Sudan mai ɗaukar wa Al Jazeera hoto, shekara shida a Guantanamo ba shari'a. Isra'ila ta rufe Al Jazeera a 2024, ta hana 'yan jaridar waje shiga Gaza su kaɗai. Su in sun yi tsaro ne, mu in mun yi kama-karya ne?

Malam Habu Garwa:
Bashir, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, zan ma ƙara maka. Yaƙin Iraƙi na 2003 mu da rediyo a kunne muka bi shi. Ranar 5 ga Fabrairu sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu ya ce Saddam na da makaman ƙare dangi. Ranar 15 ga wata miliyoyin mutane suka fito a biranen duniya suna cewa kada a yi, a Landan kaɗai wajen miliyan guda. Manyan tashoshin Amurka kuwa suka bi gwamnati. Akwai wani mai shiri a tashar MSNBC, Phil Donahue, yana kawo masu adawa da yaƙin, kuma shirinsa ne ya fi jan masu kallo a tashar. A Fabrairun nan aka soke shi, daga baya takardar cikin gida ta fito tana nuna tsoronsu kada tashar ta zama dandalin masu ƙin yaƙi alhali abokan hamayya na kaɗa tuta. Ba soja ne suka zo da bindiga ba, masu tashar ne da kansu. Ɗaruruwan 'yan jarida aka raba wa rundunoni, suna ci tare, suna kwana tare, ran ɗan jarida a hannun wanda yake ba da labarinsa. Tun 1991 aka hana ɗaukar hoton akwatunan gawar soja in an sauke su a Amurka, ba a ɗage ba sai 2009. A 2008 aka gano tsofaffin janar-janar da ke sharhi a talabijin, ma'aikatar tsaro ce ke tara su tana ba su abin faɗa, wasunsu kuma suna da hannu a kamfanonin da ke cin kwangilar yaƙin. Makaman ba a same su ba. New York Times ta fito a Mayun 2004 ta ce wa masu karatunta ba ta tsananta bincike ba, bayan Iraƙi ta riga ta rushe.

To ɗana, da ka kawo mini wannan, me ka tabbatar? Ka tabbatar da cewa inda aka toshe bakin masu cewa a dakata, an kai ƙasa guda rami. Ban ga yadda za ka ɗauko shi ka ce mu ma a yi mana ba.

Zainabu Ngaundare:
Kuma tunda Yaya Bashir hoton tutar Rasha ne a lambarsa, bari in taɓa can. Ranar 4 ga Maris 2022 suka yi dokar ɗaurin da ya kai shekara 15 kan labarin soja da gwamnati ta ce ƙarya ne, ko kiran abin da sunan yaƙi ma ya zama haɗari. Wani kansila a Mosko, Alexei Gorinov, ana taron shirya gasar zanen yara ya ce yaya za a yi wannan yara na mutuwa a Yukren. Shekara 7. A Burkina kuma, da Human Rights Watch ta ce soja sun kashe ƙauyawa 223 a rana guda a Fabrairun 2024, ba a bari an ji ta bakin ƙauyawan ba, BBC da Muryar Amurka aka dakatar don sun karanta rahoton. Masu suka kuwa ɗaukarsu ake a sa musu kaki a tura su daji. A Maris 2025 'yan jarida uku sun ɓace, sai ga su a bidiyo cikin kayan soja.

Bashir Kuseri:
Tutar da ke wayata ba ruwanki da ita 😂 Amma Muryar Amurkan da kike ambata ai Trump ne da kansa ya kashe ta a Maris 2025, ba Tiani na Nijar ba.

Hajiya Asabe Marwa:
Wannan kam ya ba ni haushi. Maigidanmu har yau in lokacin ya yi sai ya murɗa wurin.

Ɗanlami Mai Rediyo:
Iyayena da yayyena, ina ta karatu ban sa baki ba, don ni abin a tukunyata yake. Kuna ta maganar rufewa da ɗaurewa, amma a ƙananan tashoshi irin tamu ba a kai wa nan. Bari in ba ku yadda rana take.

An kai hari da dare a wani ƙauye. Kafin a idar da sallar asuba wayata ta cika, wani ya ga motar da ta kawo masu rauni, wani ƙaninsa na cikin 'yan sintirin ƙauyen. Bakwai na safe na san sunan ƙauyen, na san adadin da aka binne, har liman da ya yi sallar na yi magana da shi. In na shiga ofis sai shugabana ya ce, sanarwa ta fito? In ce a'a. Ya ce to a jira. Wani lokaci ta fito bayan kwana biyu da wani adadi daban, wani lokaci ba ta fitowa sam. Ranar sai mu buɗe labarai da taron raba takin zamani. Mutumin da ya binne ɗansa da safe yana jin mu.

A shirin da ake buga waya kuwa, mai kula da na'ura yatsansa na kan maɓalli tun daga farko har ƙarshe. Da mai magana ya ce "jiya sojoji sun zo garinmu", sai ka ji kiɗa ya taso, ni kuma in ce ayya, layin ya katse, Allah ya sa ya sake samunmu. Ba wanda ya taɓa rubuto mana cewa mu yi haka. Abin da ya sa shi ne, yawancin tashoshi masu zaman kansu a ƙasar nan ba su da cikakken lasisi, kau da kai hukuma ke yi. Ranar da ka ɓata wa wani rai sai a tuna takardunka ba su cika ba, a manna wa ƙofa takarda, ba a ma ambaci labarin da ka karanta ba. Ga majalisar sadarwa ta ƙasa da ke dakatar da mutum wata ɗaya, wata uku. Ga talla, wadda mafi tsokarta daga ma'aikatu da kamfanonin gwamnati take. Ga albashin da ba ya zuwa, har ɗan jarida ya dogara da gombo, ambulan ɗin da ake miƙawa bayan taro. Wanda ya ba ka kuɗin mashin ɗin komawa gida, da wane baki za ka tambaye shi mutum nawa suka mutu a ɗakin tsaro?

Tun da aka kama Ahmed Abba kuwa, ba a sake buƙatar yi wa kowa gargaɗi ba. Shi da ke da RFI a bayansa, da lauyoyi, da ƙungiyoyin duniya, ya yi shekara biyu da wata biyar. Ni wa gare ni? Samuel Wazizi na Buya, ƙaramar tasha irin tamu, an kama shi a Agustan 2019, ya mutu a hannu cikin watan, ba a gaya wa kowa ba sai Yunin 2020. Wata goma lauyoyinsa na zarya kotu suna neman a fito da mamaci.

Alhaji Tanko (mai kula da zaure):
Jama'a, don Allah. An buɗe zauren nan ne don zumunci da sanarwar biki da rasuwa. Ba na hana kowa magana, amma mu sama da ɗari biyu ne a nan, ban san kowa da fuska ba, kuma hira ana ɗaukar hotonta a tura wani wuri. Lambata ce a sama. Kowa ya auna abin da zai rubuta, ban da sunan wani babba da ke kan kujera. Mutum uku sun fita tun da aka fara.

Alhaji Isiyaku Njamena:
Alhaji Tanko, ka gode wa Allah kana da zauren da za ka kula da shi. Mu daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, wata 16, ba WhatsApp ba Facebook sai mai kuɗin VPN. Ni Kuseri nake tsallakawa in tura wa abokan ciniki hoton kaya. Bashir shaida ne, a shagonsa nake cajin waya.

Bashir Kuseri:
Haka ne, kuma har yau akwai sauran kuɗin shayi a kanka, Alhaji.

Kawu Garba Tsohon Soja:
Ɗanlami, na ji ka, kuma ban ji daɗi ba. Amma ku ma ku yi mana adalci. Bidiyo nawa ake yaɗawa na ƙarya? A ɗauko na wata ƙasa a ce Kamaru ce. Yaro yana gadi a Fotokol, wata shida bai ga matarsa ba, ya buɗe waya ya ga ana kiransa makashi. Gobe da wace zuciya zai tsaya?

Malam Habu Garwa:
Na ƙarya suna nan da yawa, Malam Garba. Sai dai wanda ya fi kowanne girgiza mu, shi ma ƙarya aka fara kiransa. Yulin 2018, bidiyon mata biyu da yara biyu, ɗaya goye a baya, ana tafe da su a kan hanya, aka rufe musu ido aka harbe. Ministan sadarwa na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, shi ma ɗan Garwa, ya ce labarin bogi ne, har aka riƙa cewa a Mali aka ɗauka. Sai masu bincike da BBC suka ɗauki layin duwatsun da ke bayan hoton suka gwada da taswira, ya faɗa daidai Zelevet a Mayo Tsanaga, suka auna inuwa suka ce a 2015 ne. Gwamnati ta kama soja bakwai. A Satumban 2020, a shari'ar da aka yi a rufe, huɗu suka samu shekara goma-goma, wanda ya ɗauki hoton shekara biyu. Ka lura, shekara goman nan ita aka fara ba Ahmed Abba, ita aka ba yaran barkwanci.

Ngarbuh ma haka, a yankin Ingilishi inda ake yaƙi da 'yan aware, 14 ga Fabrairu 2020. Aka ce tankin mai ne ya fashe ana musayar wuta, mutum biyar. Masu bincike suka ce 21 ne, 13 yara. Bayan wata biyu fadar shugaban ƙasa ta amsa cewa soja da 'yan sintiri ne suka yi, har suka ƙona gidaje don ɓoye sawu. A duka biyun, waɗanda suka fara faɗa an kira su maƙiyan ƙasa. Ban ji an koma an ba su haƙuri ba.

Zainabu Ngaundare:
Baba Malam, a ƙara da masu cewa a zauna a yi sulhu, don su ma ba su tsira ba. Marigayi Kadinal Tumi ya so tara taron 'yan yankin Ingilishi a Buya a 2018, tare da limamai Musulmi, ba a ba shi izini ba. Abdul Karim Ali, malami Musulmi mai wa'azin zaman lafiya, an kama shi a Bamenda a Agustan 2022 bayan ya yi bidiyo yana zargin wani soja da azabtar da mutane. A 2025 kotun soja ta ba shi ɗaurin rai da rai. Su ma 'yan awaren ba su bar kowa ba, suna sace 'yan jarida da malaman makaranta, duk wanda ya ce yara su koma aji maci amana ne a wurinsu. Mai cewa a daina harbi ta ko'ina duka yake sha.

Kawu Garba Tsohon Soja:
Na Zelevet na gani, sau ɗaya, ban sake ba. Wanda ya yi wannan ba soja ba ne a wurina, ko da kaki a jikinsa. Tunda kun taɓo nan, bari in faɗi wanda ku ba ku faɗa ba. Shirun nan ƙaramin soja ma yana cinsa. Satumban 2015 sojojin da suka dawo daga Afirka ta Tsakiya sai da suka yi tattaki a titin Yawunde kafin a biya su haƙƙinsu. A Yunin 2017 wasu wajen talatin suka tare hanya a Zige, kusa da Waza, kan kuɗin alawus da hutu, aka kwashe su. Kafin yaro ya kai ga tare hanya ya daɗe yana kuka a ciki, ba jaridar da ta isa ta buga, don za a ce tana karya gwiwar mayaƙa. Matar wanda ya faɗi a daji ta yi ta yawo da takardu daga ofis zuwa ofis. Ni dai har gobe ina kan bakana, sirrin farmaki sirri ne. Amma an fake da mu an rufe abubuwan da ba su da alaƙa da farmaki.

Bashir Kuseri:
Kawu, ni ban sauka ba fa. Faransa ba ta buɗe sashen Hausa don tana ƙaunarmu ba. Chadi ta kori sojanta a Janairun 2025, rediyonta me yake jira?

Alhaji Isiyaku Njamena:
Ba don ƙauna ba ne, kowa ya sani. Amma ka ji abin da Ɗanlami ya ce. Ka fara cire yatsan nan daga kan maɓalli, ka ba tasharsa lasisi, ka bar shi ya karanta abin da liman ya gaya masa. Ranar nan ni da kaina zan daina kama Faris. Kai kuma so kake a rufe na waje alhali na gida a ɗaure yake.

Hajiya Asabe Marwa:
Ɗanlami ɗana, tambaya gare ni, ba ta siyasa ba. Akwai wata baiwar Allah da ke kawo mini kuka da kuɓewa busassa ranar Litinin, daga wajen Magdeme take. Mijinta da ɗanta na cikin waɗanda aka kwashe ƙarshen 2014, har yau ba gawa ba labari. Ba ta yi takaba ba, ba a raba gado ba. Ta ce in na san mai rediyo in tambaya mata.

Zainabu Ngaundare:
Mama, 27 ga Disamba 2014 ne, Magdeme da Duble. Amnesty ta ce maza da samari sama da 200 aka tafi da su. A Maris 2015 gwamnati ta amsa cewa 25 sun mutu a tsare a Marwa, ba ta faɗi sunayensu ko inda aka binne su ba. Sama da 130 ba a san inda suke ba.

Ɗanlami Mai Rediyo:
Hajiya, a labarai ba zai shiga ba, kada in yaudare ki. Abin da zan iya shi ne cigiya, cikin sanarwoyin bayan la'asar, tare da na ɓatan yara da shanu. Suna, shekaru, kamanni, da ranar da aka gan su ƙarshe. Wanda ya tafi da su ne ba za a faɗa ba. In ta yarda da haka ki turo mini ta gefe, ba nan ba.

Hajiya Asabe Marwa:
To sunan ƙauyen fa? In ba shi, wa zai gane su?

Ɗanlami Mai Rediyo:
Ƙauyen da ranar in suka haɗu, kowa ya san zancen. Ɗaya zan iya sawa. Ki tambaye ta wanne ta zaɓa, ni kuma gobe in tambayi shugabana.